Risho ya ja amper 4.5: wat nawa ne, om nawa ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan koyo ne a wani shagon gyaran kayan wuta a unguwar Zariya, nan Maradi. An kawo mana risho na kuran wanda rubutun jikinsa duk ya goge, wayar da ke yin ja kuma ta kusa tsinkewa, mai shi yana so a sake masa ita. Na auna, yana jan amper 4.5, wutar gari kuwa 220 ce. Maigidana ya ce da waɗannan lambobi biyu mutum zai san ko wat nawa ne, da om nawa za a nema in an je sayen sabuwar waya, amma bai samu sukunin nuna mini ba. Don Allah ku koya mini. Na biyu, na auna om na kwan fitila mai zare na wat 60 da na injin wata firiza, maigida ya ce kada in yarda da abin da na gani, ban gane dalili ba. Na uku, a gida muna da sola mai batir na bolt 12. Talabijin da fanka biyu da fitilu suna ɗakin da ke da nisan mita 15 daga batir, da waya mai kauri 1.5 aka ja. Fankokin ba su da ƙarfi, wayar kuma tana ɗumi. Ko wannan lissafin ya shafe shi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maigidanka ya yi gaskiya, kuma tambayoyin nan uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Mu fara da rishon, tunda mai shi yana jira.

In kana neman om, raba bolt da amper: 220 ÷ 4.5 = 48.9. In kana neman wat, ninka su: 220 × 4.5 = 990. Ke nan wayar rishon tana da turjiya ta kusan om 49, shi kuma na wat 1000 ne, don masu ƙera kaya ba su cika rubuta 990 ba. Lissafin ke nan baki ɗaya, ko a bayan kwalin ashana ana iya yin sa.

Don kada ya zama hadda kawai, ka tuna da tankin ruwa da ke bisa hasumiya. Tsawon hasumiyar shi ne ke tura ruwa, wannan shi ne tansiyo, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo shi ne amper. Matsatsin tiyon, wanda ke hana ruwan gudu yadda ya so, shi ne turjiya, abin da masu gyara ke kira rezistans, ana auna ta da om. Wat kuwa yawan aikin da ake samu ne a kowace daƙiƙa in turi da gudu suka haɗu. Wani malamin kimiyya Bajamushe, Georg Ohm, shi ya wallafa wannan ƙa'ida a 1827, shi ya sa awon ya ɗauki sunansa. A littattafan makarantunmu na Faransanci za ka ga an rubuta U = R × I da P = U × I, inda U ke nufin bolt, I amper, R om, P kuma wat. In littafi ko takardar kaya daga Kano ko Katsina ta zo, za ka ga V a gurbin U. Abu ɗaya ne. Haka ma inda na sa ɗigo a 4.5, littafin Faransanci waƙafi yake sawa, 4,5.

To, amma ga inda nake da ja da lambobinka. Amper 4.5 ka auna ta, wannan na yarda. Ita 220 ɗin fa, auna ta ka yi ko ɗauka ka yi? Wutar da ake rabawa gidaje a Nijar 220 ce a ƙa'ida, amma abin da ke isowa bakin piriz, wato wurin jona filogi, yana hawa yana sauka, musamman a shagon da ke ƙarshen layi, ko da tsakar rana a watan Afirilu da Mayu lokacin da kowa ya kunna fanka da firiza. A ce lokacin da ka auna bolt 200 ne ke piriz ɗin. Sai lissafin ya koma 200 ÷ 4.5 = 44.4, wato om 44 ba 49 ba, kuma rishon da ke da om 44 in ya samu cikakkiyar 220 wat 1090 zai ci, na 1100 ke nan. Kuskuren bolt 20 ya isa ya sa ka sayo wayar da ba ita ba. Saboda haka bolt da amper tare ake auna su, a kan abu ɗaya, a lokaci ɗaya, yana kunne yana aiki. Tansiyon da ka auna kafin ka jona rishon ba shi ne wanda rishon ke samu ba in ya fara ja.

Da zarar ka san om, ba ka ƙara buƙatar auna amper kafin ka san wat. Ninka bolt da kansa ka raba da om: 220 × 220 ÷ 48.9 ya ba ka 990 ɗin nan dai. Amfanin wannan hanya shi ne tana nuna maka abin da ido ba ya gani. In wuta ta sauka zuwa 180, sai ka yi 180 × 180 ÷ 48.9, ka samu wat 663. Bolt bai ragu da ko kashi ɗaya cikin biyar ba, amma zafin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, don raguwar sau biyu take shiga: bolt ya ragu, amper ma ta bi shi ta ragu zuwa 3.7. Wannan ne dalilin da mace za ta kawo risho ko dutsen guga ta ce ya lalace ba ya zafi, a buɗe a ga lafiyarsa ƙalau. Kafin ka kwance ko kusa ɗaya, tambaye ta da wane lokaci yake yin sanyin. In kuma wuta ta hau zuwa 250, kamar yadda janareton da ba a saita ba kan yi, rishon nan wat 1278 zai ci, wayarsa ba za ta yi tsawon rai ba.

Akwai wata al'ada a shagunan gyara da wannan lissafi ke tona wa asiri. Wayar risho ta tsinke, sai a yanke wurin da ya ƙone, a jawo bakin biyu a murɗe su. Tsawon waya shi ne turjiyarta. In ka yanke kashi ɗaya cikin biyar, om 48.9 ya koma 39.1, amper ta hau zuwa 5.6, wat ya kai kusan 1240. Zafi ya ƙaru, wayar da za ta ɗauke shi kuma ta gajarce. Mai shi zai tafi yana murna risho ya fi da sauri, bayan ƴan kwanaki ya dawo da shi a ƙone, galibi daidai wurin murɗin. Ba haramun ba ne a yi wa mutum ɗori ya samu ya dafa abincin dare, amma a gaya masa na wucin gadi ne.

Sai kwan fitila. Yi masa lissafin: 60 ÷ 220 = amper 0.27, sannan 220 × 220 ÷ 60 = om 807. Ina kyautata zaton abin da maltimitarka, na'urar awon nan, ta nuna bai wuce om 60 da ƴan kai ba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, lissafin ma bai yi ba. Zaren kwan na ƙarfen tangistin ne, yana aiki a zafin da ya haura digiri 2000, turjiyar ƙarfe kuwa tana hawa in ya yi zafi. Wanda ka auna sanyi ne, wanda lissafi ya bayar na lokacin da yake ci ne, tsakaninsu ninki goma ne ko fiye. Shi ya sa kwan mai zare ya fi mutuwa daidai lokacin da aka danna makunni: a wannan ƙiftawar ido zaren yana da sanyi, amper mai yawa ce ke afka masa. Wayar risho ba ta da wannan hali sosai, domin nikrom ce, haɗin nikel da kurom, turjiyarta kaɗan take motsawa tsakanin sanyi da ja. Don haka ita kam kana iya auna ta a sanyi a kasuwa ka yarda da abin da ka gani.

Firiza kuma wata duniya ce. A ce ka auna naɗin wayar injinta ka samu om 15. In ka bi lissafi a makance, 220 ÷ 15 zai ce maka amper 14.7, alhali in tana aiki wataƙila 1.2 take ja. Abin da ya sa, inji in yana juyawa shi ma yana haifar da nasa tansiyo da ke tunkuɗe wanda ke shigowa, ga kuma naɗin waya yana da wata turjiya ta daban a kan wutar gari mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wadda maltimita ba ta gani da ɗan batirinta. A lokacin tashi ne kawai, kafin injin ya juya, yake jan ninki biyar ko shida na abin da ya saba. Wannan fizgar ce ke sa fitilu su yi ƙifce in firiza ta tashi, ita ce kuma ke kashe ƙaramin janareto.

Wat ɗin ma sai da hattara. 220 × 1.2 = 264, amma wannan ba wat ba ne, bolt-amper ne, wanda ake rubutawa VA a jikin stabilaiza da janareto. A inji, amper tana ɗan bin bayan tansiyo, ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai an ninka da wani adadi da bai kai 1 ba, wanda za ka ga an rubuta cos φ a allon injin. In 0.6 ne, wat na gaskiya 158 ne. Wat ake biya wa kuɗi, amma waya da fiyus da janareto amper suke ɗauka, don haka da VA ake zaɓen su. Kuma ka lura halin inji kishiyar na risho ne: in wuta ta yi ƙasa, risho rage ja yake yi ya huce, inji mai ɗauke da kaya kuwa ƙara ja yake yi ya yi zafi, in ma ya kasa tashi sai ya tsaya yana gunji har naɗinsa ya ƙone. Masu famfon ban-ruwa na lantarki a lambunan Jiratawa da bakin Gulbi, wannan magana tasu ce. Awon om na inji yana da amfaninsa, amma don a gane ko naɗi ya tsinke, ko ya haɗe, ko ya taɓa jikin ƙarfe, ba don lissafin wat ba.

Yanzu solar gidanku, inda lissafin ya fi ko'ina amfani. Mutane suna mantawa cewa ita ma waya tana da turjiya. Ta jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1 tana da om 0.0175 a kowace mita. A ninka wannan da tsawo, a raba da kauri. Tsawon kuma zuwa da dawowa ne, nisan mita 15 waya mita 30 ke nan. To, 0.0175 × 30 ÷ 1.5 = om 0.35. Ba ka faɗi wat na kayan ba, mu ce duka sun kai 96, wato 96 ÷ 12 = amper 8. Bolt ɗin da wayar ke cinyewa shi ne 8 × 0.35 = 2.8. Daga 12, abin da ke isa ga fanka bai fi 9.2 ba. Wat ɗin da ke ɓacewa a hanya kuwa 2.8 × 8 = 22, kusan kwata na abin da batir ya bayar, ya tafi wurin ɗumama bango.

Kwatanta da wutar gari. Wat 96 a kan 220 amper 0.44 ce kawai, wannan wayar dai za ta ci bolt 0.15, asarar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ba. Waya ɗaya, kaya ɗaya, amma asara ta bambanta da ninki sama da ɗari uku, domin zafin waya amper sau amper sau om ne. Ka ninka amper biyu, zafi ya ninku huɗu. Mai haɗa wutar gida da ya saba da 1.5 a fitilu da 2.5 a piriz, in ya ɗauko wannan sabo ya kai wa bolt 12, ya yi ɓarna bai sani ba.

Magani iri biyu ne. Ko a ƙara kauri: in ana so asarar ta tsaya a kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 0.6, turjiyar waya kada ta wuce 0.6 ÷ 8 = om 0.075, wanda ke buƙatar kaurin 0.0175 × 30 ÷ 0.075 = 7. Babu mai 7 a kasuwa, sai mai 6, wadda za ta ci bolt 0.7, ko mai 10. Mai 6 ta wadatar, ko da ta ɗan haura 0.6. Ko kuma a rage nisa, wanda sau da yawa ya fi arha: in batir ya dawo mita 3 daga kayan, waya mai 2.5 bolt 0.34 kawai za ta ci. Sai dai in ka matsar da batir, wayar da ta taso daga faifan sola ta ƙara tsawo, ita ma ka yi mata wannan lissafin da amper ɗin da aka rubuta a bayan faifan. Batir kuma a aje shi inda iska ke shiga, ba ɗakin kwana mai rufe ba, a sa fiyus dab da kansa mai alamar tarawa.

Ɗumin da ka ambata ya tsaya mini a rai. Wat 22 da aka baza a kan mita 30 bai kamata hannu ya ji shi sosai ba. In wayar tana ɗumi a bayyane, ina zargin ba 1.5 ta gaskiya ba ce, ko kuma ba jan ƙarfe ba ce. Akwai wayar alminiyam da ake shafa wa jan ƙarfe a baya, turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da kusan rabi da ɗoriya, wata kuma robarta ce mai kauri, cikinta ƴan silili. Kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san abin da ka saya. Hanya mafi tabbas ita ce awo: naɗin mita 100 na 1.5 ta gaskiya om 1.2 yake nunawa, na 2.5 kuma wajen 0.7. Kafin ka auna, haɗa bakin wayoyin maltimitar biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, galibi 0.2 zuwa 0.5, ka cire shi daga sakamakon. Wadda ke jikin bango ma kana iya gane ta ba tare da ka ciro ta ba. Kunna komai, auna bolt a kan batir, auna a bakin fanka, ka raba bambancin da amper. In ya fi om 0.35 nesa, to ko wayar ce ko wani haɗi.

In kuma wuri ɗaya ne ke zafi, haɗi ne ya saki. Murɗin da ya yi tsatsa ko kusar da ba ta ɗauru ba tana iya zama om 0.5. A kan amper 8, wannan 8 × 8 × 0.5 = wat 32 ne a wurin da bai fi kan yatsa ba, daidai da ƙarfen narka dalma da kuke aiki da shi a shago. Yawancin piriz da ka ga sun narke ta nan suka fara.

Kada wani ya ce a jona rishon nan a kan sola ta hanyar na'urar da ke mai da 12 zuwa 220. Wat 990 ÷ 12 amper 82 ce, da asarar na'urar ta haura 90. Batir mai 100Ah, wato amper-awa 100, a kan bolt 12 wat-awa 1200 yake riƙewa, rabi ne kuma ya kamata a taɓa in irin na ruwan batir ne. Rabin awa da ƴan mintuna ya gama.

Wajen awo, abubuwa uku ne ke kashe na'ura, wani lokaci har da raunata mai ita. Om ba a auna shi da wuta a jiki, sai an zare abin daga piriz, an kuma saki ƙafa ɗaya daga sauran kayan. Amper ba a auna ta ta hanyar cusa wayoyin maltimita cikin piriz. In jar wayar tana ramin 10A, na'urar ta zama guntun waya mai turjiya kusan sifili, ka san abin da 220 a raba da kusan sifili zai bayar. Ana yanke layi ne a sa ta a tsakiya, da ka gama kuma ka mai da jar wayar raminta na bolt nan take. Mai baki irin na filaya, wadda ake ce wa pens, ta fi sauƙi, amma waya ɗaya ake kamawa. In ka kama biyun tare sifili za ka gani, don mai zuwa da mai dawowa sun soke juna. Yawancin masu arha kuma amper ɗin wutar gari kaɗai suke karantawa, ba su ganin ta batir. Jikinka ma yana cikin ƙa'idar Ohm: da gumi da ƙafa a ƙasa turjiyarsa tana iya sauka zuwa wajen om 1000, 220 ÷ 1000 kuwa amper 0.22 ce, wato miliamper 220, alhali na'urar kare rai a miliamper 30 aka saita ta ta katse wuta.

Tunda miliamper ta shigo, ka riƙa mai da ita amper kafin lissafi: miliamper 20 ita ce 0.02. Ƙaramar fitilar LED ja a kan bolt 12 tana riƙe kusan bolt 2, saura 10 ne rezistans, ɗan abin turjiya da ake jona mata, zai ɗauka. 10 ÷ 0.02 = om 500, sai ka sa na 560 da ake samu. Zafinsa kusan wat 0.2 ne, ya yi wa mai kwatan wat kusa da iyaka, ɗauki mai rabin wat.

Kuɗin wuta kuwa wat ne sau awa. Rishon nan in yana aiki awa 2 kullum, kilowat-awa 2 ne a rana, 60 a wata, sai ka ninka da farashin da ke kan takardar kamfanin wuta na NIGELEC. In dizonkitar gidan, wato makunnin da ke katse wuta da kansa in ja ya yi yawa, ta amper 15 ce, iyakarta 15 × 220 = wat 3300. Risho 4.5, dutsen guga mai wat 1000 shi ma 4.5, abin dafa ruwa mai 1500 kuma 6.8, jimla 15.8, sun riga sun haura ko ba a kunna fanka ba.

Gobe in ka shiga shago, sake jona rishon ka auna bolt da amper tare. In 220 ɗin ta tabbata, nemi wayar nikrom ta wat 1000, ka tafi da maltimitarka ka auna ta a gaban mai sayarwa, ta nuna tsakanin om 46 da 50. Miƙe ta daidai wa daida cikin ramin kaskon, kada zobban su cunkushe wuri ɗaya, don nan ne za ta fara ƙonewa. Bakinta da kusa ake ɗaure shi, dalma ba ta jure wannan zafi. Kafin ka kunna, auna tsakanin kowace ƙafar filogi da jikin ƙarfen rishon, kada na'urar ta nuna akwai haɗi tsakaninsu. Sannan ka jona, ka ga ko amper ta tsaya kusa da 4.5.